Yaya cikin gidan attajiri yake a Bauchi zamanin Sarki Ibrahim?

"Malam, barka da aiki. Ni malamar sakandare ce a nan Bauchi. Ina rubuta wasan kwaikwayo da ɗalibaina za su yi, labarin gidan wani attajiri a cikin ganuwa zamanin Sarkin Bauchi Ibrahim. Yaƙe-yaƙe da sunayen sarakuna na same su a littafi. Abin da na rasa shi ne cikin gida: wa ke fara tashi, me ake ci, ina kowa ke kwana, da me matan ke wuni tunda ba sa fita? Ba na so in sa musu abin da babu shi a lokacin."

Barka kadai Malama, Allah ya taimaka. Idan na fahimce ki, so kike ki san yadda wuni guda ke wucewa a gidan mai hali, daga kiran assalatu har a kashe fitila, a shekarun sarautar Ibrahim ɗan Yakubu, wato 1845 zuwa 1877. Kin zaɓi lokaci mai albarka ga labari. Garin da Malam Yakubu ya kafa wajen 1809 ya riga ya zauna da gindinsa, fatake na shigowa daga Kano da Borno da Nupe, amma hankali bai kwanta ba, domin a shekarun nan ne mutanen Ningi suka yi ƙarfi suna kawo hari ƙasar Bauchi.

Ki san iyakar abin da zan ba ki. Rubuce-rubucen da suka taɓo cikin gida a ƙarni na 19 yawancinsu daga Kano da Sakkwato da Zazzau suka fito. Jamusawan da suka iso Bauchi, Vogel a 1855 da Rohlfs a 1867, maza ne baƙi, iyakarsu zaure da kasuwa da fada. Don haka abin da zan faɗa haɗi ne na hukuncin Malikiyya da alƙalai ke aiki da shi, da gine-ginen da suka rage, da abin da nake ji a bakin tsofaffin mata idan ana tattara tarihin baka. Gidajen Gombe Abba, garin Buba Yero, ba su yi nisa da wannan ba, illa dai a can Fulatanci ya fi yawa a bakin masu gida, shanu kuma sun fi shiga lissafin dukiya.

Shawarata ita ce ki bi sawun hatsi da ruwa da itace. Mai hali a wancan zamani ana gane shi ne da yawan bakunan da yake ciyarwa da yawan hannuwan da ke masa aiki. Idan kika san wa ya sussuke dawar, wa ya ɗebo ruwan, wa ya faskara itacen, kin san matsayin kowa a gidan.

Fasalin gidan

Ba a faɗa wa gidan kai tsaye. Daga titi sai zaure, inda maigida ke zama a kan buzu ko tabarma, nan yake karɓar baƙi, nan ake ciniki, nan maza ke cin tuwon dare. Bayan zaure akwai fili mai ɗakunan samarin gida da na baƙi da turken doki. Daga nan sai shigifa, ita ce iyakar duk namijin da ya balaga wanda ba muharrami ba. Magina kan kauce wa daidaita ƙofar zaure da ta shigifa, don kada mai tsaye a waje ya hango ciki. Bayan shigifa ne cikin gida: kowace matar aure da ɗakinta, turakar maigida a gefe, madafa, rumbuna, rijiya idan an dace da ruwa, makewayi can baya. Ga mai shirya dandali wannan sauƙi ne. Wuri biyu kike bukata, zaure da tsakar gida, sai ƙofa a tsakani. Masu ratsa ƙofar nan ba tare da izini ba su ne yara da kuyangi da tsofaffin mata, saboda haka duk wani saƙo ko tsegumi ko ciniki a hannunsu yake bi.

Ginin na tubalin ƙasa ne da ake curawa da hannu, a shanya a rana kamar mako biyu, shi ya sa gini aikin rani ne. Bango kan yi kauri a gindi ya riƙa sirancewa zuwa sama. Rufin soro kuwa azara ce ta giginya, wadda gara ba ta cika ci ba, ana jera ta a ɗora ƙasa a kai. Matsalarta guda: idan tazarar ta wuce kamu huɗu, wajen mita biyu, sai ta lanƙwashe da nauyin ƙasa. Duk ɗakin da ya fi haka faɗi sai an tsayar masa da ginshiƙi ko an ɗaura masa bakan gizo, wato lanƙwasasshen tokari na azara da ƙasa, wannan kuwa aikin gwani ne mai tsada. Shi ya sa faɗin zaure kaɗai ya isa ya gaya wa baƙo ƙarfin maigida. In kina son ɗalibanki su gani da idonsu, ki kai su Kafin Madaki su ga ginin da ake danganta wa Babban Gwani Muhammadu Durugu, maginin da ya yi tsohon masallacin Juma'a na Zariya. A zamanin da kike rubutu a kai aka yi ginin na Kafin Madaki.

Kada dai ki mai da duk gidan soraye. Ko a gidan mai kuɗi, ɗakunan mata da na bayi yawanci zagayayyu ne masu jinkar ciyawa, ko adada. Ruwan Bauchi ya fi na Kano yawa, soro kuma ba ya son ruwa. Kowace shekara kafin damina sai an yi yaɓe, a shafe bango da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, mai hali ya sa a yi wa rufi laso, haɗin katsin marina da gashin dabba daga majema da dafara. Indararo ɗaya ya toshe, ruwa ya kwanta a kan soro, azara ta jiƙe, wata rana cikin dare rufi ya rufto. Ɗakin ciyawa shi kuma abokin gabarsa gobarar hunturu ce. Saboda haka tufafi masu tsada da littattafai da kuɗin wuri a soro ake ajiye su.

Daga rumbu zuwa akushi

Bari mu yi ɗan lissafi. Babban mutum mai aikin ƙarfi yana cin abin da ya kai rabin kilo na hatsi a rana. Gida mai mutum 40, da mata da 'ya'ya da barori da bayi da almajiran ƙofa, yana bukatar kamar kilo 20 kullum, wato fiye da buhu 70 irin na yau a shekara, ban da na doki, ban da zakka, wadda ita ce kashi ɗaya cikin goma na amfanin da ruwan sama ya shayar. Duk wannan hatsi, ƙwaya bayan ƙwaya, ta turmi da dutsen niƙa zai bi.

A dami ake zuba shi a rumbu, da zangarniyarsa, don ya fi daɗewa a haka fiye da sussukakke. Rumbun a kan duwatsu ake ɗora shi saboda damshi da gara. Gero idan ya bushe sosai kan yi shekaru bai lalace ba, wake kuwa sai an gauraya shi da toka ko yashi, in ba haka ba ƙwari su mai da shi gari kafin bazara. Gidan da ya amsa sunansa yana da rumbun da ba a taɓawa, na shekarar fari ko ta fara. Buɗe rumbu hurumin maigida ne ko amintaccen bawansa, shi ke fitar da awon ranar ya miƙa wa mai girki.

Aikin da ke biyo baya jere yake, kuma in kin sa shi daidai tsofaffin da za su zo kallo za su yaba. A sussuke dami a turmi, a shiƙe a fitar da ƙaiƙayi. A yayyafa ruwa a surfa, a bakace da faifai a ware dusa, dusar ta tafi wurin awaki da doki. A wanke, a baza ya sha iska. Sannan a daka ko a niƙa a dutse a durƙushe, a tankaɗe, a ware tsaki a maimaita. Hatsin da bai tsane ba idan aka daka shi cuɗewa yake yi ya ƙi tankaɗuwa, wanda kuma aka bari ya kwana a jiƙe sai tuwon ya yi tsami. Shi ya sa ƙarar taɓarya ita ce abin da ake fara ji bayan sallar asuba, mata biyu ko uku a turmi guda suna lugude, kuma ba ta yankewa sai hantsi ya ɗaga. Masu fara tashi su ne masu wannan daka da masu hura wuta. Babu ashana. Ko dai a tono garwashin da aka binne a toka tun dare, ko a ƙyasta ƙyastu, ko a aiki yarinya maƙwabta ɗiban wuta a gutsuren fasasshiyar tukunya.

Karin kumallo koko ne ko kunu, ko ɗumamen tuwon jiya. Da rana fura, wadda ita ma aiki ce mai zaman kanta: a daka gero da citta da kanumfari da barkono, a cura, a dafa, a mayar turmi a kirɓa, a sake curawa a birkiɗa a gari. Nonon damu daga matan Fulani yake zuwa, ko daga garken maigida idan yana da shanu a hannun makiyaya. Babban abinci na dare ne, tuwon dawa ko na gero da miyar kuka ko kuɓewa ko karkashi. Bambancin mai hali da talaka a miya yake fitowa: daddawa wadatacciya, man shanu a kai, nama a kai a kai, da gishiri na gaske. Gishiri daga nesa yake zuwa, na Bilma ta hannun Buzaye, mangul daga wajen Borno, ko na Awe da Keana daga kudu. Wanda ba shi da hali da ruwan toka yake miya. Shinkafa da alkama na baƙo ne da Sallah da biki, alkamar ma a fadama ake nomanta da ban ruwa lokacin sanyi, ita ake yin alkaki da finkaso da ita. Zaƙi kuwa zuma ce da rake da dabino.

Tuwon maigida a akushi ake zuba shi a rufe da faifai, yaro ya kai zaure. Ba ya ci shi kaɗai, da ƙannensa da barorinsa da duk baƙon da magariba ta riska. Mata a ciki suke ci, yara maza kwano guda, mata kwano guda, bayi nasu daban. Bayan an ci, goro. Daga Gwanja fatake ke kawo shi, tafiyar watanni, a naɗe cikin ganye ana yayyafa masa ruwa ana tsince wanda ya fara lalacewa. Saboda haka idan attajirinki ya miƙa wa baƙo goro guda cur, karramawa ce babba. Galibi tsagawa ake yi a rarraba.

Masu aikin

Nan ne wasanni da yawa ke noƙewa. Kullen da kika ambata bai yiwuwa sai da wasu matan da ba a kulle ba. Uwargida tana zaune a ɗaki ne domin akwai baiwar da ke zuwa rafi da tulu, akwai mai zuwa daji itace, akwai mai kai tuwo gona. Matar talaka ita ke yi wa kanta duk wannan, shi ya sa ba ta cikin tsari irin na matar attajiri ko ta babban malami.

Bayin nan ana samun su ta hari kan al'ummomin da ke kan duwatsu a kewayen masarautar, ta saye a kasuwa, ta gado, ta kyautar sarki. Bauchi ta yi suna da wannan a ƙarnin, har cikin gaisuwar da ake aika wa Sakkwato akwai bayi. A ajinki akwai jikokin ɓangarorin biyu, don haka ki rubuta bayin a matsayin mutane masu suna da harshe da garin da suke tunawa, kada su zama masu wucewa da tulu kawai. Sabuwar kamu ba ta jin Hausa. Wannan kaɗai ya isa fitowa guda.

Ba matsayinsu ɗaya ba. Akwai bayin rinji, ƙauyen gonar maigida a bayan gari, masu noman gandu daga hantsi zuwa bayan azahar, sannan kowa ya koma gayaunarsa, wadda amfaninta nasa ne. Akwai bayin gida. Akwai cucanawa, waɗanda aka haifa a gidan, sun tashi da Hausa da salla, kuma abin kunya ne a kai su kasuwa ko da shari'a ba ta hana ba. Bawa mai sana'a kan yi murgu, wato ya yi aikin kansa yana biyan ubangidansa wani abu da aka yanka masa, in ya tara ya fanshi kansa. Ana kuma 'yantawa don kaffara ko neman lada. Amma ana duka, ana sa mari a ƙafa, ana raba uwa da ɗa idan bashi ya ci maigida, bayi kuma suna gudu, musamman in an ji maharan Ningi sun kusato an shiga ruɗani.

Sai ƙwarƙwara, wadda ake ce wa sa-ɗaka. Baiwa ce da maigida ya keɓe wa kansa, ta shiga kulle. Ba ta cikin mata huɗu, ba ta da sadaki, ba ta da rabon kwana. Idan ta haihu da shi, ɗanta ɗa ne cikakke, gadonsa daidai da na ɗan uwargida, ita kuma ba a sayar da ita, ranar da maigida ya rasu ta zama 'ya, wato 'yantacciya. Ki lura da abin da wannan ke haifarwa a tsakar gida: matar da ba ta da kwana tana iya zama uwar babban ɗa namiji. Rikicin wasanki yana nan a kwance.

Da me matan ke wuni

Girki zagayawa yake yi, a al'adar ƙasar Hausa kwana bibbiyu. Mai girki ita ke da turaka a kwanakin, ita ke karɓar awo da cefane, ita ke rabon tuwo, ko da kuyangi ne suka tuƙa. Amarya budurwa tana da kwana bakwai kafin ta shiga layi, bazawara uku. Uwargida ita ke raba duk abin da ya shigo gida, nama ko goro ko turmin zane, amarya kuma ba ta kiran sunanta, sai Yaya. Maigida ma ba a kama sunansa, sai Malam ko maigida. Alhaji kuwa ki yi hattara da shi, domin hajji a lokacin tafiyar ƙasa ce ta shekaru, masu wannan suna ƙalilan ne.

Ranar da mace ba ta da girki, lokacinta nata ne, abin da ta samu ma nata ne, miji ba shi da iko a kai. Babbar sana'ar ita ce kaɗi. A gurje auduga a kan dutse da ɗan ƙarfe a fitar da angurya, a shiɓe ta da ɗan baka har ta yi laushi, a naɗa, sannan a kaɗa da mazari ana dangwalar alli don kada yatsu su yi santsi. Zare siriri na saƙar riga ne, abawa mai kauri ta gwado. Audugar da ba ta shiɓu ba zarenta kan yi ƙulli-ƙulli, masaƙi ya karya masa kuɗi. Masaƙan Bauchi da na Kano duk da zaren matan kulle suke aiki. Wasu matan kuma suna da masaƙar tsaye a ɗaki suna saƙa zane mai faɗi, saɓanin ta maza mai fitar da siririn ƙyalle. Ban da wannan akwai fura da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da daddawa na sayarwa, 'yan mata da kuyangi su kai talla, dillaliya kuma ta riƙa yawo gida-gida da zane da murjani.

Ribar ba a wuri take zama ba. Wuri nauyi gare shi: keso guda, wato wuri dubu 20, kayan mutum ɗaya ne, ƙirga shi kuma biyar-biyar ake yi a ƙasa. Barth, matafiyi Bajamushe da ya zo Kano a 1851, ya tarar ana canjin dalar azurfa guda a wuri 2,500, ya kuma ƙiyasta cewa wuri dubu 50 zuwa 60 zai riƙe iyali shekara har da tufafinsu. Darajar wuri kuma ta yi ta faɗuwa har ƙarshen ƙarnin. Don haka mace kan juya abin da ta samu ya koma awaki da tumaki da mundayen azurfa da murjani da tasoshin tagulla da ƙore masu zane. Jeren da ke ɗakinta shi ne asusunta, shi za ta kai 'yarta ɗaki da shi, shi za ta kwashe ranar da aure ya mutu, kuma aure yana mutuwa sosai a lokacin.

Wajen sutura, zane ne a ɗaure a ƙirji, wani a yafa, da ɗan kwali. Na gida saƙi ne ko baƙin rini mai sheƙin shuni, na fita biki a samu mai ratsin alharini, jan siliki da ke ƙetaro Sahara. Kwalliya lalle ce da tozali a tandu, shuni a kitso, jigida, da jan haƙora na goro da furen taba. Maigida kuwa rigarsa ta saƙi ko ta tsamiya mai aikin aska a ƙirji dukiya ce da ake gada, ana jinginar da ita, ana biyan bashi da ita. Na san a dandalin makaranta dole ki rufe wa 'yan mata jiki fiye da haka, babu laifi, amma ki yi da mayafin saƙi. Atamfa da leshi da hijabi irin na yanzu duk daga baya suka zo.

Fita ba ta hanu gaba ɗaya ba. Suna, biki, gaisuwar mutuwa, duba iyaye, duk ana zuwa, amma bayan magariba, da rakiyar kuyanga ko yaro. A lokacin an rufe ƙofofin ganuwa, su Ƙofar Ran da Ƙofar Wunti da sauransu, wanda ya makara a waje sai gobe. Karatu ma akwai. Shehu Usmanu ya yi kakkausar suka ga malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci, 'yarsa Nana Asma'u kuma, wadda ta rasu a 1864, tana raye tana wa'azi da waƙa a yawancin shekarun labarinki. A gidan malamai za ki samu mace mai allo tana koya wa yara. A wani gidan kuma, can ƙuryar ɗaki, ana kiran 'yar bori a ɓoye idan ciwo ya ƙi jin rubutu. Da dare sai fitilar aci-bal-bal, kasko da man gyaɗa ko man kaɗe da lagwanin auduga, ana kaɗi a gefenta tsohuwa tana yi wa yara tatsuniya.

Haihuwa da tashin yara

Cikin fari gidan iyaye ake zuwa goyonsa. Ungozoma ce ke yanke cibi. Mai jego tana wankan tafasasshen ruwa safe da yamma, aƙalla kwana 40, ta kwanta a gadon ƙasa da aka hura wa wuta a ƙarƙashi, ta sha kunun kanwa, ta ci gasasshen nama mai yaji. Itacen da wannan ke ci ba kaɗan ba ne, tun ciki na wata shida ake fara tara shi, tsayin tarin ma abin nunawa ne. Ganyen da ake fyaɗa ruwan da shi na tsamiya ne ko runhu. Kada ki sa darbejiya, don sai zamanin Turawa aka kawo ta ƙasar nan. Ran bakwai a yanka rago a raɗa suna, wanzami ya yi aski ya cire beli, ya yi tsagar gidan in suna yi.

Shayarwa kan kai shekara biyu. Da yaye, sau da yawa kaka ko gwaggo ko kishiyar da ba ta haihu ba ke ɗaukar yaro riƙo, musamman ɗan fari, wanda uwa ba ta kiran sunansa ba ta wasa da shi a gaban mutane. Wannan kunya ta fi tsanani a gidajen Fulani. Saboda haka a wasanki mai shagwaɓa yaro ba uwarsa ba ce. Namiji idan ya kai shekara bakwai ko sama da haka sai a yi masa kaciya da sanyi, tare da sa'o'insa har da 'ya'yan bayin gidan, daga nan ya fara ƙaura zuwa ɗakin samari, yana makarantar allo yana koyon sana'ar uba. Mace kuwa tana shekara 13 ko 14 an kai ta ɗaki, sau da yawa gidan ɗan'uwa ko abokin cinikin uba, kayan aurenta a lefen kaba da ƙore, gararta hatsi da man shanu da nakiya da alkaki. Ki kuma bar gurbin mutuwa. Agana da ƙyanda da zazzaɓin damina ba su san gidan mai kuɗi ba, da wuya ki samu matar da ba ta binne ɗa ba.

Sauran abubuwan da za ki kawar daga dandali: kwanon sha na enamel da kwalla, fitilar kananzir, shayi da burodi, akwatin ƙarfe, rufin kwano, kujera mai jingina. Ki sa tabarma, buzu, kujerar tsugunno ta mata, randa da moɗa, butar ƙasa, gadon kara, sabulun salo.

Ranar da maigida ya rasu

In kina neman inda za ki kai labarin, a nan gidan ke nuna yadda aka gina shi. Matan aure su shiga takaba wata huɗu da kwana goma. A fara biyan bashi, wanda a wurin ɗan kasuwa kan yi yawa, don ciniki a kan amana yake tafiya. Alƙali ya aiko a ƙirga dukiya, a fitar da ushira, wato kashi ɗaya cikin goma na ladan rabo, sannan a raba: matan duka, ko su huɗu ne, tumuni guda, wato kashi ɗaya cikin takwas, suke rabawa idan akwai 'ya'ya, namiji kuma ya ɗauki rabon mata biyu. Bayi cikin dukiyar suke, sai a raba su tsakanin magada kamar yadda ake raba riguna da dawaki, wanda ya faɗo a tsakiya a sayar a raba kuɗin. Ƙwarƙwarar da ta haihu ta fita 'ya, wadda ba ta haihu ba ta shiga rabo. Idan babban ɗa yana da ƙarfin riƙe ƙannensa, gandu ya ci gaba a hannunsa. In babu, kowa ya ja nasa, a tsaga katanga a fitar da sabuwar ƙofa, zawarawa su koma gidajen iyayensu ko su sake aure. Idan mamacin mai sarauta ne, gonaki da bayin da ke bin rawani ba sa shiga gado, suna komawa ga wanda aka naɗa bayansa, ko da ba ɗan gidan ba ne.